Nawa za a ba ka ka bar ƙasarka har abada?

Akwai wata tambaya da samari suke yawan jefa wa juna a fada, musamman in an kai shayi na biyu hira ta fara yin sanyi. Wai in aka aje maka miliyan 100 na sefa aka ce ka ɗauka, amma da sharaɗin ka fita Nijar, kai da sake taka ƙasar nan har ranar da za ka koma ga Mahaliccinka, shin za ka ɗauka? Galibi kafin mai tambaya ya rufe baki an ba shi amsa. Wani ya ce ko rabin haka aka ba shi ba zai tsaya neman takalminsa ba. Wani ya ce shi dama me ƙasar ta tsinana masa. Wanda kuwa ya ce ba zai karɓa ba sai a bushe masa da dariya, a ce don bai ga kuɗin a gabansa ba ne yake cika baki.

To masu karatu, ni a ganina masu dariyar suna da gaskiya ta wani wajen. Kuɗi suna fitar da mutum daga gida, kuma ba a Nijar za a yi musun wannan ba, ƙasar da in kaka ta wuce za ka shiga ƙauye a Adar ka iske daga tsofaffi sai mata da yara. Inda na rabu da su shi ne wajen kalmar nan ta har abada. Ita ba a sayen ta a rana ɗaya, ko nawa ne kuɗin. Je ka tashar Tawa ko ta Maraɗi ko ta Damagaram ka tsaya kusa da motar da za ta tashi, ka saurari ban kwanan da ake yi. Abin da za ka ji shi ne sai damana, sai salla, sai na haɗa kuɗin aure. Kowa da niyyar dawowa yake shiga mota. Har abada daga baya take zuwa, a hankali, mutum bai lura ba, kuma sau da yawa mu da muke gida mu ne muke taya ta shigowa.

Fita biɗa ba sabon abu ba ne gare mu. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, sun kafa zango a Salaga tun kafin Nasara ya ja iyaka. Zamanin mulkin Faransa kuma haraji da aikin tilas sun kori mutane da yawa zuwa Nijeriya, har aka soke aikin tilas a 1946. Baturen nan Jean Rouch ya yi wani fim mai suna Jaguar wanda ya fito a 1967, kan samari uku da suka tashi daga bakin kogin Isa suka tafi ƙasar da ake kira Gana a yau, kuma ƙarshen labarin dawowa gida suka yi da tsarabarsu. Haka cin rani yake tun asali: a tafi a rage wa rumbu baki, a samo kuɗin haraji da na tufafi, a dawo kafin ruwan shuka. Mai tafiya irin wannan ƙafarsa ce a Abijan ko Kano, amma lissafinsa duka yana kan gandu.

Wanda yake ganin ana iya sayen har abada da tsabar kuɗi, ya dubi gwamnatocin da suka gwada, domin an gwada, kuma masu kuɗin gaske ne suka gwada. Su nasu cinikin ta baya ya biyo: baƙin da suka daɗe a ƙasarsu suke biya don su tattara su tafi kada su sake dawowa. A 1977 Faransa ta ce duk lebura baƙo da ya yarda ya koma ƙasarsa za ta ba shi faran 10,000 nata, wato jika 500 na sefa a canjin lokacin, kuɗin da a wancan zamani sun isa mutum ya yi gida ya yi aure ya ja jari. Ƴan Aljeriya aka fi so su karɓa. Sai ga shi mafi yawan waɗanda suka karɓa ƴan Fotugal ne da ƴan Sifen, mutanen da dama suna shirin komawa tunda mulkin kama-karya ya faɗi a ƙasashensu. Wato kuɗin sun yi wa mai niyyar tafiya guzuri, wanda ba shi da niyya kuwa bai motsa ba. Japan ma ta yi irin haka a 2009, lokacin da masana'antunta suka shiga matsi: ta ba ƴan Birazil masu asalin Japan da ke aiki can yen 300,000 kowane ma'aikaci, wajen miliyan ɗaya da rabi na sefa, da sharaɗin kada su dawo da irin takardar zaman da suke da ita. Ƴan Birazil a Japan sun haura 300,000 a lokacin, waɗanda suka karɓa kuwa kimanin 20,000 ne. Ƙasar Suwidin tana da irin wannan tsari da daɗewa, kuma a shekarar 2023 mutum ɗaya tak ya karɓa. Shi ya sa a 2024 ta ba da sanarwar za ta ɗaga kuɗin zuwa kurona 350,000 daga 2026, wajen miliyan 20 na sefa ga kowane baligi. In abin sayarwa ne da sauƙi, me zai sa mai saye ya ninka farashi sau 35?

Wani zai ce ai waɗannan ƙasashen daɗi aka ce su bari, dole su ƙi. Haka ne, akwai wannan. Amma a duba abin da ya riƙe su: ɗiyansu suna lakkwal can, abokansu can, likitan da ya san ciwonsu can, wasu har sun binne iyaye can. Abin da ke riƙe baƙo a Faransa shi ne dai abin da ke riƙe manomi a Tasawa ko Madawa. Mutum inda jama'arsa take nan yake, kuma kuɗi ba sa ɗaukar jama'a su kai ta wani wuri.

Sai dai kada daɗin magana ya ɗauke mu. Miliyan 100 ta fada ce, a zahiri babu wanda yake zuwa ƙauye da ita. Abin da ke fitar da mutanenmu rashin tiyar hatsi ne. A ƙarshen watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, kuma yawancinsu daga yankin Kance suka fito a jahar Damagaram. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana 3. Waɗannan bayin Allah ba wanda ya yi musu alkawarin dukiya, kuma ba ƙaura suka yi ba. Tamanrasat suka nufa, su yi aikatau ko bara su dawo da abin sayen hatsi da akuya da kayan ɗakin ɗiya. A watan Maris na 2022 kuma sai da gwamnati ta tura jirgin sama Dakar ya kwaso sama da mutum 1,000 da ke bara a titunan birnin, mafi yawansu mata da yara daga Kance da Magarya. An yi ta zagin su a gari ana cewa sun zubar mana da mutunci. Ni ban goyi bayan a ja yaro a kai shi bara ba, ko kusa. Amma mai zagin ya fara zuwa Kance ya ga girman gonar da gida guda yake ci a cikinta. Lokacin da muka samu mulkin kai a 1960 ba mu fi miliyan 3 da ƴan kai ba, ƙidayar 2012 ta iske mu sama da miliyan 17, jahar Maraɗi da ta Damagaram kowace ta haura miliyan 3. Gonar kaka ita ce dai, masu gadonta ne suka ninka. Dokar hana safarar baƙin haure da aka yi a 2015 ba ta cika wa kowa rumbu ba, kuɗin mota ta ƙara, direbobi suka koma bin hanyoyin da babu rijiya, har aka soke ta a watan Nuwamba na 2023.

Akwai dai Hausawan da suka tafi ba su dawo ba, kuma labarinsu ya kamata ƴan fada su sani. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Ingilishi suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas har suka zauna a bakin kogin Nilu a Sudan, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Bayansu mahajjata masu tafiya a ƙafa sun yi ta bin wannan hanya, wasu su tsaya noman auduga a Jazira don su tara guzuri, shekara ta zama goma, goma ta zama zuri'a. Abin lura shi ne na farkon ba kuɗi suka fitar da su ba, addini ne da ƙin zama ƙarƙashin Nasara. Abin da ya fi kuɗi nauyi ne kaɗai ya iya sa mutane suka juya wa gida baya da gangan. To amma bayan shekara sama da 100, a watan Yuli na 2022, da Hausawan jahar Bulu Nil suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, sai rikici ya tashi a kan cewa ƙasar ba tasu ba ce. An kashe mutane sama da 100 a wannan wata, aka sake wani mummunan faɗan a watan Oktoba. Mutanen da kakannin kakanninsu suke kwance a wannan ƙasa, aka tashi rana ɗaya aka tuna musu su baƙi ne.

Wannan shi ne abin da mai cewa ba zai tsaya neman takalmi ba ya manta. Ko kai ka yarda ka zauna har abada, sai mai masauki ya yarda. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako 2 su fita, mutanen da wasunsu a zango aka haife su. A watan Janairu na 1983 Nijeriya ta Shagari ta yi irin nata korar, shekara ta zagayo Buhari ya rufe iyaka ana tsakiyar fari, har yunwar 1984 ta samu sunan El Buhari a bakin mutanenmu. Kodebuwa, inda ƴan Adar suka mai da kamar bayan gida, ta yi doka a 1998 wadda ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar ƙasar noma, sannan yaƙi ya ɓarke a watan Satumba na 2002 baƙi suka zama abin zargi. A 2011 da aka tashi kawar da Gaddafi, ƴan Nijar sama da 200,000 suka dawo daga Libiya, da yawansu daga su sai rigar wuyansu. Aljeriya kuwa tun ƙarshen 2014 take cika kamiyo da mutanenmu tana saukewa a Asamaka. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Duk waɗannan da aka koro, ina suka nufa? Gida. Wanda ya iske ɗakinsa da gonarsa ya sha wuya shekara ɗaya ko biyu ya miƙe. Wanda ya iske an raba an sayar, shi ne ya zama baƙo sau biyu.

Yanzu bari mu zo kan inda har abada take shigowa da gaske, domin tana shigowa, kuma kowane ƙauye yana da sunayen waɗanda aka daina lissafawa in ana rabon naman salla.

Ƙofarta ta farko kunya ce. Yaro ya tafi da alkawarin shekara ɗaya. Shekarar ba ta yi kyau ba, ko ɗan abin da ya tara an ƙwace a hanya, ko ciwo ya cinye. Sa'ansa da suka tafi tare ya dawo da babur da rediyo da atamfa turmi biyar, an yi ta guɗa. Shi da wane ido zai sauka a tasha da jakar leda? Sai ya ce bari in ƙara shekara. Kafin nan kuma salula ta zo ta sauƙaƙa gaisuwa ta tsananta roƙo: yau suna, gobe biki, jibi kuɗin magani, gata gudummawar ɗan ƙanen baba. Duk abin da ya samu ya bi waya ya tafi, babu abin da ya taru balle ya zama jarin dawowa. Ranar da ya kasa aikowa sai ya daina ɗaukar waya, daga nan ya canza lamba. Mu da muke aikin gidan rediyo mun san ƙarshen wannan labari, don ta hannunmu sanarwar take bi: ana cigiyar wane ɗan wane, rabonsa da gida shekara kaza, mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ko kuma ana kiransa ya zo ya ji da maganar aurensa. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace ba a san inda yake ba shekara 4 take jira bayan ta kai ƙara. Ku auna yarinyar da aka kai ɗaki tana da shekara 17, ta yi wata uku da miji, sauran ƙuruciyarta ta ƙare a jiran mota. Wannan mutum ba wanda ya ba shi miliyan. Rashin jika 200 da zai shigo gari da su ne ya raba shi da ƙasarsa, kuma bakinmu ne ya sa wa shigowa garin wannan farashi.

Haihuwa a can ma tana yin nata aikin, amma wannan ban ɗauke shi abin kuka ba. Wanda ya yi aure a Kumasi ko Kwatanu ɗiyansa suka tashi da harshen can, Allah ne ya rubuta masa arzikinsa a nan, kuma zumunci yana iya ɗorewa in ana zuwa ana dawowa. Haka ma ƴan bokonmu da suka tafi karatu Faransa ko Kanada ko Amurka suka samu aiki suka zauna. Da can dokarmu takan sa wanda ya ɗauki takardar zama ɗan wata ƙasa ya rasa tamu, sai a 2014 aka gyara aka yarda mutum ya riƙe biyu, kuma gyaran ya yi kyau. Likitan da yake aiki a waje yana gina gida a Yamai yana zuwa hutu bai bar ƙasa ba tukuna. Ƙorafina a kansu daban ne, na kuɗin talakawa da aka karantar da su, kuma ba yau ce ranarsa ba.

Ƙofar da ta fi ba ni tsoro ita ce sayar da gona don kuɗin mota. A kewayen Maraɗi musamman, ƙasa ta zama haja. Alhazan birni da manyan ma'aikata suna saye, talaka yana sayarwa, sau da yawa cikin bazara lokacin da rumbu ya ƙare kuma farashi yana hannun mai saye. Saurayi ya matsa wa tsohonsa a yanka masa rabonsa, ya sayar, ya biya dillalin hanya zuwa Sabha ko Tarabulus. In tafiyar ta yi kyau, kuɗin da zai dawo da su ba za su sake sayen wannan gonar ba, don ta riga ta ninka. In ba ta yi kyau ba, zai dawo ya yi ƙwadago a gonar ubansa, ana biyansa da yini. Mutane kaɗan ne suke iya haɗiye wannan, shi ya sa yawanci ba sa dawowa. A nan ne kawai na yarda kuɗi sun sayi har abada, kuma abin takaicin ba miliyan 100 ba ne, wani lokaci jika 300 ne ko 400. Mai sayarwar ma bai san abin da ya sayar ba ke nan, shi a ransa kadada ɗaya ce ta jigawa wadda ba ta ba da dame 20.

Kuma jigawar nan ba ta mutu ba kamar yadda ake ɗauka. A jahar Maraɗi aka fara sassaben zamani cikin shekarun 1980, manoma suna barin tohon itace a gona maimakon su sare, har aka ƙiyasta an farfaɗo da wajen kadada miliyan 5 a kudancin ƙasar nan. Noman rani da aka ƙarfafa zamanin Seyni Kunce bayan farin 1984 shi ne ya riƙe garuruwa da yawa, albasar Galmi kuwa har Abijan da Akara ake kai ta, inda ɗiyan masu noma ta suke dako a kasuwa. Ban ce wannan zai ci da kowa ba, ba zai ci ba, kuma duk mai cewa samari su zauna gida alhali bai ba su abin yi ba surutu yake. A tafi biɗa. Abin da nake cewa shi ne a tafi a bar abin da za a dawo a iske.

Muna da jingina tun kaka da kakanni: ka karɓi kuɗi, mai kuɗi ya noma gonar, ranar da ka biya ka karɓi abinka. Ita ma tana da nata rikicin in ba a rubuta ba, don shaidu suna mutuwa, ɗiyan mai kuɗi su ce saye ne. Amma tun 1993 ƙasar nan take da dokar tsarin karkara, wadda ta kafa hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo, daga matakin ƙauye har zuwa sama, kuma suna ba da takardar jingina kamar yadda suke ba da ta saye da ta aro da ta gado. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, masu saye kuwa ba za su faɗa musu ba. Aikinmu ne mu ƴan rediyo, da limamai ranar Juma'a, mu yi ta faɗa har ya shiga kunne. Maigari kuma, tunda ba a cinikin gona a ƙauye bai sani ba, in aka kawo masa takarda ya ji kuɗin na motar Libiya ne ko Aljeriya, kada ya yi saurin sa hannu. Ya kira matar mai sayarwa da ƴan'uwansa su zauna, ya tambayi mai saye ko zai karɓi jingina ta shekara 3.